Darasi Kan Ƙwame, Ɗan Kuka

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, ku sani ƙwamen ga da yara ka tsotsa a Ƙofar Taramniya ya zama haja. A 2008 Tarayyar Turai ta yarda a sayar da garinai, Amurka ta biyo a 2009. Abin da su ka biɗa ciki: bitamin C, wanda ya ɗara na lemu, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

Mu masu hatsi mun san ɓarnar danshi. Haka ƙwame: a fasa busasshe, a daka, a tankaɗe, a aje a inuwa, don zafi na rage bitamin. Kada a gauraya da garin rogo. Wanda anka kama ya rasa mai saye. Allah shi ba da kasuwa.