Ɗana, Ka Riƙa Sauraron Sitiyarinka

Ɗana, tunda Allah ya hore maka mota har ka fara lodin Gombe zuwa Yola, ga abin da nake so ka riƙe. Da wuya sitiyari ya lalace bai yi gargaɗi ba. Kullum in ka tada mota da safe, kashe rediyo, ka murɗa sitiyarin hagu da dama a hankali, ka kasa kunne.

In ka ji gurnani yana ƙaruwa yayin da kake murɗawa, duba man sitiyari. Yawanci ya yi ƙasa ne, famfo yana zuƙar iska. Ƙara masa irin man da aka rubuta a murfin tankinsa, sannan ka nemi inda yake yoyo, ko a tiyo ko a rak, domin wannan man ba ya raguwa haka kawai. Kada ka riƙa danne sitiyari har ƙurewa kana riƙe da shi, famfon kake kashewa. In kuwa ƙara ce siririya mai tsini, musamman da sanyin safiya, fambel ne ya saki ko ya tsufa. Motar da sitiyarinta na lantarki ne ba ta da wannan man, ita sai a kai wa mai na'urar gwaji.

Ƙas-ƙas-ƙas lokacin shan kwana, wannan shaf ne. Robar da ta rufe shi ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Ka kuma san yashin garin nan, daga Pantami har Bolari, balle damina ta kwaso shi ta zuba kan kwalta. Roba kuɗinta kaɗan ne. In ka yi sakaci da ita, shaf ɗin sukutum za ka saya.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ƙwanƙwasa daga ƙasa in ka faɗa rami, sitiyari ya yi sako-sako, mota tana jan gefe. Tayarod ne ko bol-joyin, su ne ke riƙe da taya, suna sa ta bin umarnin hannunka. In ɗayansu ya fice kana gudu tsakanin Billiri da Kaltungo, taya za ta nufi inda ta ga dama, Allah ya kiyaye. A ranar da ka ji ƙwanƙwasar ka kai wa bakanike, ya ɗaga motar a jak, ya girgiza tayar a gabanka. In an canza, a yi alaimen kafin ka hau hanya.

Ka kuma yi masa bayani dalla-dalla: yaushe ƙarar take zuwa, daga wane ɓangare, a tsaye ko a tafiya. Hakan zai hana a sa ka sayen kayan da ba su ne matsalar ba.

Duk wanda ya shiga motarka amana ce a wuyanka, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Lodin da ka rasa yau don gyara, Allah zai mayar maka da shi gobe. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.