Wa ke da ƙarfen da aka sa maka a ƙafa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai karaya a Jos ya san yadda abin yake. Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya duba, ya ce wannan sai an sa ƙarfe, 'yan uwa kuma su bazama neman kuɗin faranti da sukurori. Kusan duk ƙarfen nan daga waje ake shigo da shi, shi ya sa kuɗinsa ke bin dala. To ga Dilimi a tsakiyar gari, inda ake walda, ake yanka ƙarfe, ake sassaƙa shi a inji, inda in wani ɓangaren mota ya ƙi samuwa a kasuwa za a ƙera maka irinsa kafin la'asar. Dole wata rana likita da maƙeri su haɗa kai. Sun ma fara, kuma a nan ne aikina ya shigo, domin ni lauya ne mai aiki a fannin haƙƙin mallakar ƙirƙira.

Kwanakin baya wani matashin likitan ƙashi ya zo ofishina tare da wani dattijo mai sarrafa ƙarfe a Dilimi. Dattijon ya kwance wani ƙyalle ya ajiye mini ɗan guntun ƙarfe a kan tebur, ya sha goga yana sheƙi, da ramuka a jere, kowanne a karkace daidai gwargwado. Aikin ƙarfen shi ne ya riƙe bakin abin huda ƙashi kada ya goce, domin kowane sukuru ya faɗa ramin farantin ba tare da an yi ta lalube ba. Sun gwada shi a kan ƙashin sa da suka sayo a kwata. Likitan kuma yana da tasa dabarar: ya tsaga fata kaɗan, ya zura farantin ta ƙarƙashin tsoka, maimakon a buɗe ƙafar gaba ɗaya. Dattijon ya ce, "Barista, so muke a yi mana takarda a kan duka biyun, kada wani ya kwaikwaya."

Na ce masa, "Baba, ƙarfen nan za mu iya nema masa takarda. Amma yadda Likita ke tsaga fata da zura faranti, wannan ku bar wa duniya."

Dalili na farko mai sauƙi ne: dabarar ba sabuwa ba ce. Likitoci a Jamus sun wallafa irin wannan hanya ta zura faranti ta ƙaramar tsaga tun a shekarun 1990. Dokarmu ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abu ya zama sabo, ya fito daga hikimar da ba kowane masanin fannin zai hango ba, kuma a iya ƙera shi ko a yi amfani da shi a masana'anta. Sabo a wurin doka yana nufin ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi. Shi ya sa ma hanyoyin masu ɗori na gargajiya, da aka gada kaka da kakanni, ba mai iya zuwa Abuja ya ce nasa ne.

Dalili na biyu shi ne ya fi damuna. A ce ma dabarar sabuwa ce fil. Shin ya kamata a ba mutum ɗaya ikon hana sauran likitoci yin ta har shekara 20? A ce an kawo ɗan acaɓa tsakar dare, ƙashin cinya ya rabu biyu, likitan da ke bakin aiki ya san hanyar da ta fi dacewa, amma sai ya tsaya tunanin ko wani zai kai shi kotu. An taɓa zuwa gab da haka a Amurka. A 1992 wani likitan ido a Arizona, Samuel Pallin, ya sami takarda a kan wata hanyar tsaga ido don cire yana ba tare da ɗinki ba, sannan ya maka wani likita, Jack Singer, a kotu saboda ya yi amfani da ita. Likitocin ƙasar suka yi caa. A 1996 shari'ar ta ƙare da soke ikirarin Pallin, kuma a shekarar majalisarsu ta yi doka cewa ko an ba ka takarda a kan hanyar tiyata zalla, ba za ka karɓi diyya daga likita ko asibitin da ya yi aiki da ita ba.

Turai ta fi fitowa fili. Yarjejeniyar ƙasashenta ta ce ba a ba da takarda a kan hanyar yi wa mutum ko dabba tiyata ko magani, amma ana bayarwa a kan kayan da ake aikin da su. Yarjejeniyar kasuwanci ta duniya ta 1994 ta ba kowace ƙasa damar yin wannan togaciya. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Bangui ta 1977, su ma sun cire hanyoyin tiyata daga abin da ake mallaka. Likita a Maraɗi yana da wannan kariya a rubuce. Dokarmu kuwa ta cire irin tsirrai da dabbobi, da abin da ya saɓa wa tarbiyya da zaman lafiyar jama'a, da binciken kimiyya zalla, amma ba ta ambaci tiyata da suna ba. A fahimtata, yanka jikin ɗan Adam ba aikin masana'anta ba ne, don haka sharaɗi na uku ya isa ya kayar da irin wannan takarda, kuma haka Ingila ta rubuta a dokarta ta 1977. Sai dai fahimtar lauya daban, rubutacciyar doka daban.

Abin da ya ƙara wa giɓin haɗari shi ne yadda ofishin rajista na Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, yake aiki. Doka ta ce ya duba ko takardu sun cika, an biya kuɗi, kuma ƙirƙira ɗaya ce ake nema wa. Ba ta ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba. Ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, in rigima ta taso sai Babbar Kotun Tarayya ta raba gardama. Ke nan mutum na iya riƙe takarda mai hatimi yana tsorata likitoci da ita, alhali ba za ta tsaya a gaban alƙali ba.

Masu tsoron cewa in ba a mallaki dabara ba wahalarsu ta tafi a banza, su dubi tarihin farantin kansa. Carl Hansmann ya bayyana ɗora karaya da faranti a Hambag a 1886. Robert Danis na Beljiyam ya fito da faranti mai matse ƙashi da ƙashi a 1949. A 1958 wasu likitocin Suwizalan, ciki har da Maurice Müller da Martin Allgöwer, suka kafa ƙungiyar AO. Abin da suka yi shi ne ainihin shawarata. Sun yi wa faranti da sukuru da kayan aiki rajista, kamfanoni na ƙerawa suna biyan ƙungiyar kaso, kuɗin kuma na tafiya bincike da koyarwa. Hanyar aikin kuwa sun buɗe ta, suka riƙa tara likitoci a garin Davos tun 1960 suna koya musu da hannu. Yawan masu iya aikin shi ya jawo cinikin ƙarfen. A 2012 kamfanin Johnson & Johnson ya sayi Synthes, mai ƙera waɗannan kaya, a kan kusan dala biliyan 20.

Na tambayi baƙin nawa ko sun nuna wa wani ƙarfen. Likitan ya ce yana shirin ɗora bidiyonsa a Facebook. Na roƙe shi ya dakata. Da zarar ka nuna wa duniya kafin ka shigar da takarda, kai da hannunka ka kashe sabuntarsa. Sassaucin da doka ta yi ɗan kaɗan ne: baje kolin ƙasa da ƙasa na hukuma, cikin wata 6 kafin shigar da takarda. Kuma a tsarinmu wanda ya riga shigarwa shi ke da haƙƙi.

Sai batun da ya fi shafar mutanen Dilimi. Doka ta ce in an ba ka kwangilar wani aiki ka yi ƙirƙira a cikinsa, haƙƙin na wanda ya ba da aikin ne, haka ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ko da yake akwai inda ta ba mai ƙirƙirar damar neman lada. Wanda kuma ya taya aiki kawai ba tare da ya kawo hikima ba, ba a lissafa shi cikin masu ƙirƙira. A wannan ƙarfe, karkatar da ramukan tunanin dattijon ne, likitan ma ya shaida. Don haka muka rubuta yarjejeniya da sunayensu biyu da rabon kowa kafin a je ko'ina. Maƙeranmu sun saba aiki da amana da fatar baki, kuma sau da yawa a nan ake barin su a baya. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen shigar da takardunsu, ya kamata su san da ita.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kai. Takardar mallaka ba izinin sa ƙarfe a jikin mutum ba ce. Farantin da zai zauna a jiki ana yin sa da bakin ƙarfe na musamman marar tsatsa, samfurin 316L, ko da titaniyam. Ƙarfen gwangwan, komai sheƙinsa, zai yi tsatsa a cikin tsoka, ya kawo ruɓa, ya karye, wani lokaci ya ja a yanke ƙafar. Ko ɗan guntun da baƙina suka kawo, wanda ba ya zama a jiki, sai ya jure turarar kashe ƙwayoyin cuta, ya bi ta kwamitin ɗa'a na asibiti, ya sami rajistar NAFDAC. Muna da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a nan Jos, ga jami'a, ga asibitin koyarwa a Lamingo. Gari kaɗan ne a Arewa ya haɗa waɗannan da unguwa irin Dilimi.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na Filato da ke Abuja su nemi a gyara dokar 1970, a rubuta ƙarara cewa ba a mallakar hanyar tiyata a Najeriya. Ku kuma iyayenmu maƙera da 'yan uwa likitoci, in kun ƙera sabon abu, ku rubuta yarjejeniya a tsakaninku, ku shigar da takarda, sannan ku ɗauki bidiyo.