Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa magadan gari a Amurka da batun zaluncin 'yan sanda?

Tambaya: Na sha jin labarin cewa magadan gari da kansiloli a Amurka suna fitowa suna yin Allah wadai da wariyar launin fata da kuma yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Abin ya ɗaure mini kai, domin a nan wurinmu shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ta cewa a kan ɗan sanda. Me ya haɗa su da wannan batu? Kuma maganar tasu ta taɓa sauya wani abu, ko dai siyasa ce kawai? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma da gaskiyarka da abin ya ɗaure maka kai, domin tsarin can da na nan ba ɗaya ba ne.

A Najeriya rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak, ta gwamnatin tarayya, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tanada. DPO na garinku yana karɓar umarni daga kwamishina, kwamishina kuma daga Sufeto Janar a Abuja. A Amurka kuwa akwai hukumomin 'yan sanda kimanin 18,000, kuma mafi yawansu na birane ne da gundumomi. A manyan birane da yawa magajin gari ne ke naɗa shugaban 'yan sanda, shi ne kuma ke iya sauke shi. Majalisar birni, wato kansiloli, ita ce ke amincewa da kasafin kuɗin rundunar, da yarjejeniyar albashi da sharuɗɗan aiki da ake ƙullawa da ƙungiyar ƙwadagon 'yan sanda. Idan ɗan sanda ya kashe mutum ba bisa ƙa'ida ba aka kai ƙara, daga baitulmalin birnin ake biyan diyya. Saboda haka magajin gari idan ya yi magana a kan 'yan sanda, a kan ma'aikatansa yake magana. Wannan ne ya sa maganarsa ke da nauyi, wannan ne kuma ya sa ba a yarda ya tsaya a kan magana kawai.

Abin da ya fito da wannan fili shi ne kisan George Floyd, baƙar fata ɗan shekara 46, a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, ranar 25 ga Mayun 2020. An kira 'yan sanda ne bisa zargin ya sayi taba da jabun takardar dala 20 a wani kanti. Suka sa masa ankwa, suka kwantar da shi rub da ciki a bakin titi, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne masa wuya da gwiwa har tsawon minti 9 da daƙiƙa 29. Floyd ya yi ta cewa ba ya iya numfashi, yana kiran mahaifiyarsa, mutanen da suka taru suna roƙon a ɗaga shi, har ya daina motsi. Sanarwar farko da rundunar ta fitar cewa ta yi mutumin ya gamu da matsalar rashin lafiya yayin da ake kama shi. Ba ta ambaci gwiwa ba. Bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta shi ya tona asiri.

Washegari shugaban 'yan sandan birnin, Medaria Arradondo, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya kori 'yan sandan huɗu da abin ya shafa. Magajin gari Jacob Frey ya fito ya ce bai kamata zama baƙar fata a Amurka ya zama hukuncin kisa ba, sannan ya nemi a gurfanar da Chauvin. Daga nan zanga-zanga ta bazu a ɗaruruwan garuruwa, shugabannin birane kuma suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Magajiyar garin Washington, Muriel Bowser, ta sa aka rubuta taken fafutikar kare rayukan baƙaƙen fata da manyan haruffa ruwan ɗorawa a kan titin da ke fuskantar fadar White House. Majalisun birane da gundumomi da jihohi fiye da 200 sun zartar da ƙudurin ayyana wariyar launin fata a matsayin barazana ga lafiyar al'umma, hanyar da gundumar Milwaukee ta buɗe tun a 2019.

Sabon abu a nan shi ne irin laifin da suka amsa. A da, duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da hukuma ke cewa shi ne an sami baragurbi ɗaya a cikin runduna. Haka aka yi ta ji tun kafin Fabrairun 1999, lokacin da 'yan sandan New York huɗu suka harba harsashi 41 a kan Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai talla a titi, a ƙofar gidan da yake haya, ba shi da makami, kuma kotu ta wanke su. A 2020 kuwa masu riƙe da birane da bakinsu suka ce matsalar tana cikin tsarin kansa: cikin dokoki, da yadda ake raba kuɗi, da yadda aka zaunar da mutane unguwa-unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan karon masu ɗakin ne suka nuna wurin.

Ga abin da suke nufi a aikace. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi a matsayin wuraren da ke da haɗarin ba da bashin gida. A Minneapolis kanta an yi ta rubuta sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a harkar gidaje, amma ɓarnar ta riga ta yi jijiya. Iyalan da aka hana mallakar gida ba su bar wa 'ya'yansu gadon kirki ba, kuma tun da kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yanki yake fitowa, makarantun unguwannin nan suka zauna a baya. Unguwannin nan ne kuma aka fi jibge wa 'yan sintiri.

Misali mafi bayyana shi ne ƙaramin garin Ferguson na jihar Missouri, inda ɗan sanda ya harbe matashi Michael Brown a 2014. Binciken da ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar a Maris ɗin 2015 ya gano cewa hukumomin garin sun mayar da 'yan sanda da kotun gari hanyar tara kuɗin shiga. Ana matsa wa 'yan sanda su yawaita cin tara. Talaka ya kasa biya, tarar ta ninka. Ya kasa zuwa kotu, a ba da sammacin kama shi. Baƙaƙen fata su ne kashi 67 cikin 100 na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota, da kashi 93 na waɗanda ake kamawa. Ka ga ke nan ko da ɗan sandan da ke bakin titi ba ya ƙin kowa a zuciyarsa, tsarin da aka ɗora shi a kai ya riga ya zaɓar masa wanda zai kama. Shi ya sa ma a Janairun 2023 'yan sanda biyar da suka lakaɗa wa Tyre Nichols dukan da ya yi ajalinsa a Memphis duk baƙaƙen fata ne kamarsa. A faɗin ƙasar, ƙididdigar jaridar Washington Post ta nuna 'yan sanda na harbe mutum kimanin 1,000 a kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, ana kashe baƙaƙen fata fiye da ninki biyu na fararen fata.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka. Eh, an ga sauyi, kuma ba ƙarami ba ne ga waɗanda abin ya shafa. Gwamnan Minnesota ya miƙa shari'ar Chauvin ga Antoni Janar na jihar, Keith Ellison, wanda shi ne Musulmi na farko da aka taɓa zaɓa a majalisar dokokin Amurka. A kotu, shugaban 'yan sanda Arradondo da kansa ya ba da shaida cewa abin da Chauvin ya yi ya saɓa wa ƙa'idar aiki, alhali a al'ada 'yan sanda rufa wa juna asiri suke yi. Ranar 20 ga Afrilun 2021 aka same shi da laifin kisa, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi. Birnin ya biya iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27, ya kuma haramta wa 'yan sandansa shaƙe wuyan wanda suka kama. A Louisville ta jihar Kentucky, inda 'yan sanda suka fasa ƙofar gidan Breonna Taylor da tsakar dare a Maris ɗin 2020 suka harbe ta, kansiloli baki ɗaya sun haramta sammacin da ke ba da damar kutsawa gida ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba, birnin kuma ya biya diyyar dala miliyan 12. Birnin Denver ya fara tura ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa da mai ba da agajin gaggawa, maimakon mai bindiga, idan kiran da aka yi ya shafi wanda hankalinsa ya gushe ko wanda ba shi da matsuguni.

Amma an kuma yi alƙawuran da ba a cika ba. Ranar 7 ga Yunin 2020 kansiloli tara na Minneapolis suka hau dandamali a wani filin shaƙatawa suka yi alƙawarin rusa rundunar 'yan sandan birnin su kafa wani sabon tsari. Ba su zo da cikakken bayanin abin da zai maye gurbinta ba. A shekarar kuma kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a faɗin Amurka, 'yan sanda da yawa suka ajiye aiki a birnin, tsoro ya kama jama'a. Da aka kai batun gaban masu zaɓe a Nuwamban 2021, kimanin kashi 56 cikin 100 suka ƙi amincewa. Mutane da dama a unguwannin baƙaƙen fata ma cewa suka yi ba rashin 'yan sanda suke nema ba, suna neman ɗan sandan da zai zo idan an kira shi, kuma ba zai wulaƙanta su ba.

Sannan ikon magajin gari yana da iyaka. Yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadagon 'yan sanda a birane da yawa ta ba wanda aka kora damar kai kuka gaban mai sasanci, kuma sau da yawa ana mayar da shi bakin aiki. Gwamnatin jiha na iya take dokar birni: Texas ta yi doka a 2021 mai hukunta manyan biranen da suka rage kasafin 'yan sanda, Tennessee kuma a 2024 ta soke dokar da kansilolin Memphis suka yi ta hana tsayar da direbobi kan ƙananan laifuffuka. Ƙudurin dokar gyaran aikin 'yan sanda mai ɗauke da sunan George Floyd ya wuce a majalisar wakilai sau biyu, ya maƙale a majalisar dattawa. A 2023 ma'aikatar shari'a ta tabbatar da cewa 'yan sandan Minneapolis da na Louisville sun saba amfani da ƙarfi fiye da kima da nuna wa baƙaƙen fata wariya, amma a Mayun 2025 gwamnatin Donald Trump ta janye daga yarjejeniyar da za ta sa kotun tarayya ta sa ido kan gyaran. Rubutun nan na titin Washington ma an kankare shi a Maris ɗin 2025 bisa matsin lambar 'yan majalisa. Yawan waɗanda 'yan sanda ke harbewa a shekara kuwa, har zuwa 2024, bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Akwai darasi a nan ga muhawarar da muke yi a gida kan 'yan sandan jihohi, musamman bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020. Mu ma mun taɓa samun 'yan sandan gida, wato 'yan doka na En'e, kafin gwamnatin soja ta haɗe su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966, kuma dattawan da suka yi NEPU ba su manta da yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa ba. Kusantar da iko ga jama'a shi kaɗai ba ya kawo adalci. Amfaninsa shi ne talaka ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san wanda zai kayar a zaɓe idan an ƙi sauraronsa.

Saboda haka, Malam, akwai siyasa a ciki, amma ba siyasa ce kawai ba. Shugaba ya amsa a bainar jama'a cewa hukumar da ke hannunsa tana zaluntar wani ɓangare na mutanensa abu ne mai daraja, domin iyalan da aka kashe wa 'ya'ya sun shafe shekaru ana ƙaryata su. Sai dai abin da ya tsaya a jawabi da fenti ya gushe da sauyin gwamnati, abin da aka rubuta a doka da kasafin kuɗi da hukuncin kotu shi ne ya fi daɗewa. Duk lokacin da ka ji wani shugaba, a Amurka ko a nan gida, yana Allah wadai da zaluncin jami'an tsaro, ka tambaya: wa aka hukunta, wace doka aka sauya, kuma an biya waɗanda aka zalunta haƙƙinsu? Da amsar waɗannan za ka gane mai gaskiya. Allah Ya kare mu daga zalunci, Ya kuma hana mu zaluntar wani.