Tsohuwar Kwamfutar Makarantarmu Ta Yi Nauyi, Wace Furosesa Zan Sa Mata?

TAMBAYA

 Ni malami ne a wata Islamiyya a Limancin Kona, cikin birnin Zariya. Muna da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 745, 'yar gwanjo, da ita muke buga takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Pentium 4 ce a cikinta, RAM ɗinta gigabait 1. Yanzu in na buɗe Word da intanet lokaci guda sai ta tsaya cak, fankarta ta yi ta gurnani. Wani mai gyara a Tudun Wada ya ce in sa mata Pentium D, wani a Sabon Gari ya ce E8400 ce maganinta. Wanne zan bi? Kuɗin makaranta ne, amana ne a hannuna.

AMSA

Allah gafarta Malam. Kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da ya dace da kwamfutarka shi ne Core 2 Duo E6600, in ba a samu ba E6400 ko E6300. Amma kafin ka fita kasuwa, bari in yi maka bayanin dalili, don kada wani ya sake juya ka.

Pentium 4 ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta. Duk aikin da aka ba ta, layi yake bi. Furosesa mai ƙwaƙwalwa biyu kuwa kamar marubuta biyu ne a zaure guda, ɗaya na kan wasiƙa, ɗaya na kan lissafi, babu mai jiran wani. Kamfanonin Intel da AMD sun fito da irinsu a 2005, wato Pentium D da Athlon 64 X2, sannan a watan Yulin 2006 Core 2 Duo ta zo ta shafe su.

Ka'idar da nake so ka riƙe ita ce: madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, shi ke zaɓen furosesa, ba aljihunka ba, ba kuma bakin mai shago ba. Mazaunin furosesar kwamfutarka sunansa LGA775, ya fito tun 2004, kuma Pentium 4 da Pentium D da Core 2 Duo duk suna shiga cikinsa daram. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin shiga daban, aiki daban. OptiPlex 745 tana da cifset mai suna Q965, wanda iyakar gudun hanyar saƙonsa megahaz 1066 ne. E8400, wadda ta fito a 2008, tana neman 1333, kuma BIOS ɗin 745, wato manhajar da ke tayar da madabod, bai san ta ba. Za ta zauna lafiya, ka kunna, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Furosesa ce mai kyau, amma ta OptiPlex 755 da 760 da 780 ce, da HP dc7800 da dc7900.

Ita kuwa Pentium D za ta yi aiki, sai dai ba ta cancanci kuɗinka ba. A zahiri Pentium 4 biyu ce aka haɗa wuri guda, tana cin wuta daga wat 95 har zuwa 130, alhali E6600 wat 65 ne. Wannan bambanci zafi ne a cikin akwatin kwamfuta, kuma mai ne a cikin janareta. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a ɗakin cikin birni mai ƙaramar taga ba zai so ya ƙara wa kansa murhu ba.

Mai shago zai iya nuna maka lamba ya ce Pentium D tana gudun gigahaz 3.4, E6600 kuwa 2.4 kacal. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. An sake ginin Core 2 Duo tun daga tushe, don haka a kowane bugu tana gama aikin da ya fi na tsofaffin nesa ba kusa ba. Ba a gwada gigahaz sai tsakanin furosesa 'yan gida ɗaya. Akwai kuma wata ruɗarwa: wasu Pentium 4 suna da fasahar Hyper-Threading, wadda ke sa Windows ta nuna kamar ƙwaƙwalwa biyu ce, alhali ɗaya ce. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, za ta faɗa maka sunan furosesa, yawan ƙwaƙwalwarta da irin madabod ɗinka.

Yanzu ga abin da masu gyaran nan biyu ba su gaya maka ba. Tsayawar da kwamfutarka ke yi, yawancinta ba laifin furosesa ba ne, ƙarancin RAM ne. In gigabait 1 ya cika, sai kwamfuta ta koma aron wuri a tsohon faifan ajiya mai juyawa, shi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Saboda haka ga yadda za ka jera kashe kuɗin:

Na farko, RAM. Irin DDR2 take ɗauka, DDR3 ba zai shiga ba. Ka kai shi gigabait 4, kuma a sa mata Windows mai bit 64, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da huɗun gaba ɗaya.

Na biyu, SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai gigabait 120 ko 128, irin mai bakin SATA. A nan za ka ga canjin da ya fi fitowa fili wajen kunnawa da buɗe takardu. Tsohon faifan a bar shi a ciki don ajiyar kwafin sakamakon ɗalibai.

Na uku, furosesa.

Ranar aikin, ka ɗauki akwatin kwamfutar ka je da shi shago, kada ka sayo furosesa a leda. Kafin a taɓa komai a duba kafasitocin da ke kewaye da mazaunin furosesa. In kawunansu sun kumbura ko sun yi tsatsa, madabod ɗin na kan hanyar mutuwa, a dakata. A sabunta BIOS tun tsohuwar furosesa na ciki, kuma a kan inbata ko UPS kawai, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aiki, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Allurai 775 ɗin nan a cikin mazauni suke, ba a jikin furosesa ba, kuma lanƙwasa ɗaya ya isa ya jawo matsala, don haka ajiye ta ake yi a hankali, ba a dannawa. A goge tsohon man sanyaya da ya bushe, a ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, a hure ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen sanyaya, wadda sau da yawa ita ce sanadin gurnanin fanka. In agogon kwamfutar na ɓata kwanan wata, a sauya ƙaramin batirin CR2032. Daga nan a kunna ta a gabanka, CPU-Z ta nuna ƙwaƙwalwa biyu, ta yi kamar rabin awa tana aiki kafin ka biya. Tsohuwar furosesar kuma taka ce, ka karɓi abarka.

Ga sauran masu karatu: wanda Pentium 4 ɗinsa ke kan tsohon mazauni mai lamba 478, babu mai ƙwaƙwalwa biyu da za ta shiga. Mai OptiPlex GX620 iyakarsa Pentium D, ban kuma ba shi shawarar ya kashe kuɗi a kai ba. Mai AMD a kan mazaunin AM2 ya nemi Athlon 64 X2, bayan ya duba jerin da kamfanin madabod ɗinsa ya amince da su.

Sai dai Malam ya san iyakar abin. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025, sannan Windows 11 ba ta karɓar Core 2 Duo. Manhajar Chrome ma ta daina sabuntawa a kan Windows 7 tun 2023. Don buga takardu da lissafin maki, kwamfutar za ta ci gaba da yi muku hidima. Amma kada a yi harkar banki a kanta. In shiga intanet ya zama dole kullum, a sa mata Linux Mint mai sauƙin nauyi, irin Xfce, tare da LibreOffice da ke buɗe takardun Word kuma yana rubuta Larabci, bayan an tabbatar firintarku za ta yi aiki da shi.

Farashi na bin dala, don haka ba zan yanka maka kuɗi ba. Ka tambayi kuɗin abubuwa ukun nan haɗe da ladan mai gyara, sannan ka tambayi kuɗin 'yar gwanjo mai Core i3 ko i5, irin OptiPlex 7010 ta 2012. In gyaran ya haura rabin kuɗinta, ka kai wa kwamitin makaranta lissafin biyu, ka ba su shawarar a cika a sayi waccan. In bai kai ba, a yi gyaran. Allah ya yi wa makaranta albarka.