KAREN DA BA SHI DA UBANGIDA

Ya mai karatu, cikin dukan dabbobin da ke zaune tare da mutum a ƙasar Tambuwal da Kebbe, babu wanda aka rena kamar kare. Doki yana da barga, jaki yana da turke, akuya kuwa tana da mai nemanta in magariba ta yi ba ta komo ba. Amma akwai kare wanda ba mai nemansa. Ka san shi sarai. Shi ne mai kwana a bayan rumfar mahauta, haƙarƙarinsa duk a waje, kunnuwansa cike da kaska, ƙudaje suna bin gyambonsa. In ya ga mutum ya sunkuya sai ya ruga, gama ya koya cewa hannun da ya kai ƙasa dutse ya ke ɗauka. Darasin nan a kansa ya ke, da abin da ya wajaba a gare ka game da shi.

1. Daga ina ya fito?

Kare ba naman daji ba ne kamar dila ko kura. Tun zamanin kakanni a gindin mutum ya ke ci, a ƙofar mutum ya ke kwana. Saboda haka kowane kare da ka gani yana yawo, wani ne ya sake shi, ko ya saki uwarsa. Wani karen farauta ne, ya tsufa ko ya karye a ƙafa, mai shi ya juya masa baya. Wani kuwa karya ce ta haifi 'ya'ya shida ko bakwai, aka ce wa yara su kai su juji. Cikin karya kamar kwana 63 ne, tana kuwa iya haihuwa sau biyu a shekara, don haka karya guda da aka yar takan cika unguwa. Wani mai shi ya tafi cin rani bai bar wa kowa amanarsa ba. Wani kuma masu shi sun gudu daga ƙauye da dare saboda 'yan bindiga, da ƙyar suka tsira da 'ya'yansu. Waɗannan ba mu ga laifinsu ba.

Ka tuna aikin da ya yi kafin a yashe shi. Ya tsare garken Bafillace, ya kori birai daga gonar dawa, ya yi haushi da tsakar dare har ɓarawo ya fasa haura katanga. Hausawa su kan ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Gaskiya ne. To, ina karen bara? Shi ne wannan da ke lasar jini a mahauta.

Allah da ya halicce ka shi ya halicce shi. Ya ba mutum iko bisa dabbobi, iko kuwa amana ne, za a tambayi mai riƙonsa. Littafin Misalai, sura 12, ya lissafa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci. Ka lura kuma da wannan: yaron da aka bari yana jifan kare yana dariya, zuciyarsa ce ta ke taurarewa. Ran da ya yi ƙarfi, mai rauni cikin mutane zai sha irin abin da kare ya sha.

2. Gidan jira a Ingila

A shekarar 1860 wata mace a birnin Landan, sunanta Mary Tealby, ta ga karnuka suna mutuwa da yunwa a kan titi, ta buɗe musu gida a unguwar Holloway. Mutane da yawa suka yi mata ba'a, suna cewa ga matalauta birjik, ita kuwa tana ciyad da karnuka. Ba ta fasa ba. A 1871 aka mai da gidan unguwar Battersea, yana nan kuwa har yau yana aiki.

Ga yadda a ke yi a ƙasar. In an tsinci kare a hanya, hukuma ta kan riƙe shi kwana bakwai ko mai shi zai zo. Tun 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba ƙwarai, wadda ke nuna lambar mai shi. In ba wanda ya zo, sai a kai shi gida irin na Battersea, likitan dabbobi ya duba shi, a yi masa allura, a lura da halinsa. Sa'an nan ya zauna yana jiran wanda zai ɗauke shi. Wanda ya zo ɗauka kuwa sai an tambaye shi: ina gidanka, akwai yara, wa zai ba shi abinci in ka yi tafiya?

Ba al'adar ƙasarmu ba ce a gina wa karnuka gida, ba kuwa muna cewa ka gina ba. Amma karen bayan mahauta shi ma jira ya ke yi, ko da ya ke babu mai rubuta sunansa a littafi. Abin da gidan nan na Landan ke ba kare abu huɗu ne: ruwa, abinci, magani, da mutum wanda zai ce, nawa ne. Babu ɗaya cikin huɗun nan da ya fi ƙarfin magidanci a Dogon Daji ko a Kuchi.

3. Tsoron da ke da dalili

Watakila za ka ce, ai kare yana cizo, cizonsa kuwa yana kisa. Ka faɗi gaskiya, kada kuwa kowa ya rena wannan tsoro. Ciwon haukan kare yana cikin yawun dabbar da ta kamu. In yawun ya shiga jiki ta wurin cizo, ko yakushi, ko wani rauni, ƙwayar cutar ta kan bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci ta kan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Raunin ya warke, an manta, sa'an nan mutum ya fara zazzaɓi, ya firgita, ya kasa haɗiye ruwa ko da ƙishirwa tana cinsa. In alamun nan sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suka samu, huɗu cikin goma kuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Ga alamun kare mai ciwon. Halinsa ya kan sāke: mai sanyin hali ya zama mafaɗaci, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya tarar, yana tafiya ba tsayawa, muryarsa ta dushe. Wani kuwa ba ya faɗa. Sai ya kwanta, muƙamuƙinsa a sake, yawu yana zuba. Kada ka sa hannu a bakinsa kana cewa ƙashi ne ya maƙale masa.

Amma Allah bai bar mu ba magani ba. Ran 6 ga Yuli, 1885, a birnin Faris, Louis Pasteur ya sa aka yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allurar da ya haɗa, bayan mahaukacin kare ya ciji yaron. Yaron ya rayu har ya manyanta. A Nijeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafi ta karnuka. Masana sun tabbata cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, cutar ta kan rasa hanyar yaɗuwa. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta rabu da annobar. Karkashe karnuka kaɗai kuwa ba ya kawar da ita, gama in an kashe na unguwa, waɗansu baƙi da ba a san lafiyarsu ba su ke zuwa su gaji jujin.

Ka gani fa, karen da ke da ubangida mai kai shi allura garkuwa ne ga 'ya'yanka. Karen da aka yashe shi ne ƙofar cuta. Jinƙai da hankali a nan hanyarsu ɗaya.

4. Ran da kare ya ciji mutum

Ka riƙe waɗannan a ka, ka koya wa iyalinka.

Nan da nan a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa har minti 15. Kada a ɗaure shi tam, kada a cusa masa toka ko gashin karen ko saiwa, kamar yadda waɗansu ke yi.

A ranar a tafi babban asibiti na Tambuwal ko na Kebbe. In ba a sami allurar a can ba, a wuce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Allurar ba sau ɗaya ba ce. A koma a kowace rana da likita ya sa, har a gama.

In karen yana kamuwa ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana goma ana ba shi abinci da ruwa. In ya wuce kwana goma lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ran da ya yi cizon. Amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura.

In ya tabbata mahaukaci ne, a sanad da mai unguwa da malamin dabbobi. Kashe shi ya zama tilas, amma a yi da sauri, ba da azaba ba, ba kuwa a mai da shi wasan yara ba. Kada kowa ya feɗe shi.

Ka ce wa 'ya'yanka kada su ɓoye cizo ko yakushi don tsoron duka. Yara da yawa ɓoyewar nan ce ta kashe su.

5. In za ka ɗauke shi

Ka fara yin lissafi, gama kare ya kan yi shekara goma ko fiye. Ka tambayi mai unguwa ko yana da mai shi. Kada ka kai masa hannu ran farko. Ka ajiye ruwa da ragowar tuwo a wuri ɗaya kowace rana, ka ja da baya, har ya saba da kai. In ya shigo, ka ware shi daga yara, ka kira malamin dabbobi ya yi masa allura, ya ba shi maganin tsutsa da na kaska. Allura ba ta warkad da wanda ya riga ya kamu, saboda haka ka ci gaba da lura da halinsa watanni. Kwikwiyo a kan yi masa allura yana wata uku, a maimaita kowace shekara. Ka adana takardar.

Kada ka ba shi ɗanyar hanta ko huhu mai ƙululun ruwa da mahauta suka yar, gama daga nan ya ke ɗaukar wata tsutsa wadda ƙwanta ke komawa ga mutum da tumaki. In ka ɗaure shi, ka ɗaure a inuwa, kasko cike da ruwa a gabansa, balle a zafin bazara. In ba ka son 'ya'ya, ka tambayi likitan dabbobi aikin hana haihuwa.

Ka kiyaye haƙƙin maƙwabci. Da yawa cikin maƙwabtanka ba su son kare ya shiga gidansu, ko ya sa baki a ƙwaryarsu, ko ya kusanci wurin sallarsu. Alherin da ka yi wa dabba kada ya zama cuta ga mutum.

6. In ba za ka iya ba

Ba kowa ke da halin riƙon kare ba, ba kuwa laifi ba ne. Duk da haka kana iya ajiye kaskon ruwa a bayan danga. Kana iya tsawata wa yara masu jifa. Kana iya hana a zuba guba a juji, gama guba ba ta zaɓe: ta kan kashe kaji da ungulu, har ta kai ga yaro. Ran 28 ga Satumba kowace shekara, ranar da Pasteur ya rasu, duniya ta kan tuna da yaƙi da ciwon nan. In ka ji an zo yin allurar karnuka a garinku, ka gaya wa mafarauta da makiyaya su kawo nasu. In kuwa kana da kare yau, babban alherinka shi ne kada ka ƙara ɗaya a kan waɗanda ke bayan mahauta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi kare ke rasa ubangida?
2. Wane abu huɗu gidan Battersea ke ba kare, wanne ne kuwa ya fi ƙarfinka?
3. Me za a fara yi in kare ya ciji yaro, har minti nawa?
4. Don me karkashe karnuka ba ya kawar da cutar?
5. Akwai dabba a gidanka wadda ta yi maka aiki, yanzu ta tsufa? Yaya ka ke riƙonta?