DARASI NA 14: TAFKIN NYOS

A ƙasar Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya, akwai wani tafki sunansa Nyos. Yana cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Dutsen ya daɗe bai yi amai ba, amma can ƙarƙashinsa wutar ba ta mutu ba. Daga nan wata iska ke tsattsafowa, tana taruwa a gindin tafkin. Irin iskar nan ce ta cikin lemon kwalba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Nauyin ruwa shi ke danne ta, kamar yadda murfi ke danne ta cikin kwalba.

Ran 21 ga Agusta, 1986, da dare, sai iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta tashi sama ba. Sai ta gangara cikin kwaruruka kamar ruwa, ta rufe ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500. Gidaje suna nan tsaye, ba abin da ya taɓa su.

Mu ma mun san irin wannan iska. Masu yasar rijiya sukan zura fitila tukuna. In ta mutu, ba su shiga, don inda wuta ba ta ci, mutum ba ya numfashi.

Masana suka zo suka auna ruwan. A 2001 suka kafa dogon bututu har gindin tafkin, a 2011 suka ƙara biyu, don iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan. Da ba a binciko dalili ba, da ba a san magani ba.

To, jama'a, mu riƙe abu biyu. Muguwar iska gangare take bi, saboda haka mai gudunta tudu zai hau. Kuma kada mu shiga rami mai zurfi sai mun gwada da fitila. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI
1. A wace ƙasa tafkin Nyos yake?
2. Don me iskar ta bi kwari?
3. Mene ne amfanin bututun?
4. Rubuta: tafki, iska, tudu, fitila.