RASHIN AIKI, CIWON DAMUWA DA SHAN GIYA

Jama'a, a karanta wannan, a kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Da aka rufe manyan masaƙun Kakuri a Kaduna tsakanin 2002 da 2007, magidanta da yawa sun koma zaman gida. Har yau muna ganin irinsu. Mutumin da ya saba fita da sassafe, yanzu ko kuɗin cefane ba ya iya bai wa uwargida. Dole ransa ya ɓaci. Amma in ɓacin ran ya wuce mako 2 babu sauƙi, to ya zama ciwo, wato ciwon damuwa.

Ga yadda ake gane shi. Mutum yakan farka kafin asuba, barci ya ƙi komawa. Abinci ya fita daga ransa, ya daina zama cikin mutane, ya riƙa ganin ba shi da amfani. Ba lalaci ba ne. Mata ma suna kamuwa, har sun fi maza.

A nan ne aboki zai ce, "Kurɓi kaɗan ka manta." Burkutu ne, ko ogogoro, ko 'yar giyar leda, duk ɗaya ne. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Barcin da take kawowa ba ya nisa, gari ya waye damuwar ta fi ta jiya, ɗan kuɗin da ya rage kuma ya tafi. In aikin lebura ya samu, aka ga hannu na rawa, sai a ba wani. Hanta kuwa tana ta lalacewa ba tare da an sani ba.

Ku zo ɗakin shan magani ku gaya wa nas gaskiya. Asirinku a rufe yake. Akwai magani, amma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji amfaninsa, kada a yar da shi.

A kula! Wanda yake sha kullum har jikinsa na rawa da safe, kada ya daina lokaci guda a gida. Yana iya faɗuwa da jijjiga ko ya ruɗe. Ya zo mu taimake shi tukuna.

Uwargida, 'yan'uwa, in kun ji ya ce ya gaji da duniya, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku ɗauke maganin ƙwari da na ɓera daga gidan, ku kawo shi a ranar. In ta kama, za mu tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.